A Raba ko a Ƙarasa? Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Shekaru kaɗan da suka wuce, a ƙarshen shekarar karatu, an sa ni cikin alƙalan wata gasar kacici-kacici da wata ƙungiyar raya al'adu ta shirya wa ɗaliban sakandare a nan Matamaye. Ladar da aka ajiye ba ta taka kara ta karya ba: jika 60 ga na ɗaya, jika 20 ga na biyu, sai takardar yabo. Ƙa'idar zagayen ƙarshe kuwa ita ce, wanda ya fara samun maki uku shi ne zakara. Yara biyu suka rage, ɗaya yana da maki biyu, ɗayan yana da guda, sai hadarin farkon damina ya taso daga gabas, iska ta kwashe rumfa, taro ya watse. Washegari za a shiga hutu, kowannensu kuma gona tana jiransa a ƙauye. Muna fake a cikin wani aji sai ga su sun shigo tare, sun jiƙe sharkaf, suka rusuna. Wanda ke gaba ne ya yi magana, ya ce: "Mushe, mun yi shawara tsakaninmu. Don Allah a haɗa kuɗin a raba mana daidai."

Mu biyar ne alƙalan, nan take muka kasu uku. Wasu suka ce wanda ke gaba shi ya ci, a ba shi jika 60 ɗinsa. Wani ya ce tunda ba a gama ba, canjaras ke nan, a raba daidai yadda yaran suka roƙa. Wani kuma ya ce a bi maki, mai biyu ya ɗauki kashi biyu, mai ɗaya ya ɗauki kashi ɗaya. Muka yi ta ja har ruwa ya ɗauke.

A ranar ban san cewa gardamar da muke yi ta haura shekara 500 a rubuce ba, ban kuma san cewa ita ce ta haifi wani reshe guda na ilimin lissafi ba. Ita ce kuma tambayar da ake yi har gobe a manyan gasannin karta na duniya, sa'ad da mutum biyu ko uku suka rage a teburin ƙarshe, miliyoyi na jibge a gabansu: a raba, ko a ƙarasa? Wannan maƙala za ta bi sawun tambayar, domin mu malamai da shugabannin ƙungiyoyi, da muke shirya gasa kowace shekara, ba mu da tabbacin ranar da za ta sake tsayawa a ƙofarmu.

Caca da gasa

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa malamin makaranta da teburin ƴan caca? Tambaya ce mai kyau, ya kamata a share ƙurarta tun da wuri.

Bahaushe ya san caca tun kafin karta ta shigo ƙasarsa. Da wuri ake yin ta, a watsa shi a ƙasa a duba nawa suka kife, nawa suka kwanta rigingine. Dattawan wannan yanki namu, waɗanda suka ga zamanin da gyaɗa ke tashe, suna ba da labarin manoman da suka bar kuɗin noman shekara a bayan kasuwa, suka koma gida hannu Rabbana. Ba a taɓa ɗaukar ɗan caca mutumin kirki ba, addini kuma ya yanke hukunci a kanta. Abin lura shi ne, cacar da Larabawan jahiliyya suka fi sani, wadda ake kira maisir, ita kanta rabo ce. Raƙumi ake yankawa, a kawo kibau goma, bakwai masu rabo daga kashi ɗaya har zuwa kashi bakwai, uku kuwa ba su da komai. Waɗanda kibansu suka fito fanko su ke biyan kuɗin raƙumin, ba su kuma ɗanɗana namansa. Alƙur'ani ya ambaci maisir a cikin suratul Baƙara, ya haramta shi ƙarara a cikin suratul Ma'ida.

Amma malaman fiƙihu ba su haramta gasa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Katsina da Kano, ta halatta tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya. Ra'ayin Imamu Malik da aka kawo a cikinta shi ne, mutum ɗaya ne zai ajiye lada. Idan wani ya tsere masa ya ɗauka, idan kuwa shi mai ajiyewar ne ya zo na ɗaya, ladar ba ta komawa aljihunsa, sai ta tafi ga mai bi masa ko ga mahalarta. Ke nan abin da ya raba caca da gasa shi ne inda kuɗin ya fito. A caca, ribar kowa asarar abokin zamansa ce. A gasa irin tamu, ƙungiya ko wani mai hali ne ya ajiye, ba wanda zai koma gida da ƙasa da abin da ya zo da shi. Sai dai lissafin rabon iri ɗaya ne a wuraren biyu, kuma tarihi ya nuna cewa a teburin ƴan caca aka fara warware shi.

Wasiƙun shekarar 1654

A shekarar 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa babban littafinsa na lissafin ƴan kasuwa. A ciki ya kawo matsalar wasan da aka katse kafin a gama, ya ce a raba kuɗin gwargwadon makin da kowa ya riga ya samu. Wannan shi ne ra'ayin abokin aikina na uku. A shekarar 1556 wani ɗan ƙasarsu, Niccolò Tartaglia, ya nuna inda wannan hanya ta gaza: idan wasan na maki da yawa ne, aka katse shi bayan zagayen farko, mai maki ɗaya zai kwashe komai, mai sifili ya tashi a tutar babu, alhali wasa bai ma fara zafi ba. Shi Tartaglia ya gwada tasa dabarar, daga bisani ya karkata ga cewa maganar ta fi dacewa da alƙali a kan masanin lissafi, don ko yaya aka raba sai an sami mai ƙorafi.

Haka abin ya zauna kusan shekara ɗari, har wani ɗan Faransa mai son wasa, Antoine Gombaud, wanda aka fi sani da Chevalier de Méré, ya kai matsalar gaban Blaise Pascal. Mu malaman Faransanci mun saba gabatar da Pascal ga ɗalibai a matsayin marubucin tunani da addini, ba kasafai muke faɗa musu cewa a damina ta shekarar 1654, yana ɗan shekara 31, ya shiga musayar wasiƙu da Pierre de Fermat, alƙali a birnin Tuluz, a kan yadda za a raba kuɗin caca ba. Faransawa suna kiran matsalar problème des partis, wato matsalar rabe-rabe.

Ga yadda Pascal ya bi da ita a wasiƙarsa ta 29 ga Yuli. Mutum biyu, kowa ya ajiye tsabar zinariya 32, an tara 64, wanda ya fara cin zagaye uku shi ke kwashewa. Na farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai suka so tashi. A ɗauka sun buga zagaye ɗaya nan gaba. Idan na farko ya ci, 64 nasa ne. Idan ya faɗi, sun zama biyu da biyu, kowa yana da haƙƙin 32. Ashe ko ta yaya ta kaya, 32 sun riga sun tabbata ga na farko. Sauran 32 ne ake takara a kansu, damar kowa a cikinsu ɗaya ce, sai a raba su biyu. Na farko ya tashi da 48, na biyu da 16. Da irin wannan taku na komawa baya, Pascal ya nuna cewa idan biyu da babu ne, rabon 56 ne da 8, idan kuwa ɗaya da babu ne, 44 da 20.

Fermat ya bi wata hanya dabam. Ya ce zagaye biyu ne iyakar abin da ya rage, kuma hanyoyi huɗu ne kawai za su iya kayawa. A cikin uku na farko ne zai yi nasara, a cikin ɗaya na biyu. Kashi uku cikin huɗu na 64 kuwa 48 ne. Hanya biyu suka kai gida ɗaya, Pascal ya yi murna ƙwarai da ganin amsar Faris ta dace da ta Tuluz.

Sabon abin da suka kawo shi ne juya fuska. Pacioli ya dubi abin da ya wuce, su kuwa suka dubi abin da ya rage. Haƙƙin mutum a cikin wasan da bai ƙare ba shi ne kimar damar da yake riƙe da ita a lokacin da aka tsaya. A shekarar 1657 Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya wallafa ɗan littafin farko a kan wannan ilimi, wanda a yau kamfanonin inshora da masu hasashen yanayi suke cin abinci da shi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da ma ba za su ga tambayar baƙuwa ba: idan abokan jari suka ɓata a tsakiyar hanya, kaya ba su kai kasuwa ba, da me za a sallami mai komawa?

Mu auna yaranmu da wannan ma'auni. Jika 20 ta riga ta tabbata ga kowannensu, tunda ko wanda ya faɗi zai same ta. Jika 40 ce a tsakani. Mai maki biyu yana da kashi uku cikin huɗu, wato 30, ɗayan yana da 10. Rabon Pascal ke nan: 50 da 30, muddin an ɗauka ƙarfinsu ɗaya. Cikinmu mu biyar babu wanda ya faɗi wannan adadi.

Teburin ƙarshe

Wurin da wannan lissafi ya fi yin aiki a zamaninmu shi ne gasar kartar da ake kira poka. Tsarinta mai sauƙin fahimta ne. Kowa ya biya kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi ƙwayoyin wasa adadi ɗaya, wanda ƙwayoyinsa suka ƙare ya fita. Ana tafe ana raguwa har a koma teburi guda, shi ne teburin ƙarshe, inda tazarar lada tsakanin na ɗaya da na biyu da na uku take da faɗi ƙwarai.

Gasar da ta fi kowace suna an fara ta a shekarar 1970 a gidan cacar Benny Binion da ke Las Vegas a Amurka. A wannan shekarar ƙuri'a ƴan wasan suka kaɗa, suka zaɓi Johnny Moss a matsayin gwaninsu. Daga 1971 aka koma bugawa har sai mutum ɗaya ya kwashe komai, na biyu ba ya samun ko anini. Wannan tsari bai daɗe ba ya haifi abin da ya kamata a yi tsammani. A shekarar 1972, da mutum uku suka rage, Doyle Brunson ya janye aka bar shi ya canza ƙwayoyinsa da kuɗi, kuma masu rubuta tarihin wasan sun ruwaito cewa an daidaita a bayan fage domin Amarillo Slim, wanda ya fi sauran son fitowa a idon duniya, ya ɗauki sunan zakara. Ƴan kallo sun ga wasa, amma an riga an ƙulla ƙarshensa. Sai a 1978 aka fara raba ladar tsakanin mutum biyar na sama. Bobby Baldwin da ya ci ya ɗauki rabi, dalar Amurka 210.000.

Labarin da ya fi dacewa da maganarmu na shekarar 2003 ne. Mutum 839 suka shiga, kowa da dalar Amurka 10.000. Biyun da suka rage su ne Sam Farha, gogaggen ɗan wasa haifaffen Labanan, da Chris Moneymaker, wani akawu daga jihar Tenesi wanda ya sami kujerarsa ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet da kuɗin da bai kai dalar Amurka 100 ba. Na ɗaya zai sami miliyan 2 da rabi, na biyu miliyan 1 da dubu 300. Ƙwayoyin Moneymaker sun kusa ninka na Farha. Duk da haka, kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, shi ne ya nemi a raba daidai, Farha ya ƙi, yana ganin ƙwarewarsa ta cancanci fiye da rabi.

A yi lissafin. Miliyan 1 da dubu 300 sun tabbata ga kowa, miliyan 1 da dubu 200 ne a tsakani. Idan aka bi yawan ƙwayoyi, kashi biyu cikin uku na Moneymaker ne, zai tashi da kusan miliyan 2 da dubu 100, Farha da miliyan 1 da dubu 700. Raba daidai zai ba kowa miliyan 1 da dubu 900. Ashe an miƙa wa Farha fiye da abin da ƙwayoyinsa suka kai da kusan dubu 200, ya ture. Aka ci gaba, Moneymaker ya cinye, Farha ya tafi da dubu 600 ƙasa da abin da aka yi masa tayi. Wasu suka ce girman kai ne. Wasu suka ce ba a auna shawara da sakamakonta, domin in da gaske ya fi abokin wasansa nesa ba kusa ba, ƙin rabon yana da hujja, sa'a ce kawai ta juya masa baya. Har yanzu ba a gama wannan muhawara ba.

Idan mutum uku ko fiye suka rage, lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. Ƴan wasan yau suna amfani da wata dabara da David Harville ya fitar a 1973 domin tseren dawaki, Mason Malmuth kuma ya ɗauko ta zuwa karta a 1987. Tana auna damar kowa ta zuwa na ɗaya, ko na biyu, ko na uku, gwargwadon ƙwayoyinsa. Jikanyar wasiƙun 1654 ce. A wurare da yawa masu shirya gasa sukan tsai da agogo, a fito da lissafin a gaban kowa, a kuma ware wani kaso tare da kofi a ce waɗannan sai an buga. Wasu wuraren kuma ba su yarda su sa hannu a rabon ba sam.

Me ya sa na gaba yake neman rabo?

Akwai abin da Pascal bai amsa ba. In lissafi ya ba Moneymaker miliyan 2 da dubu 100, me ya sa ya yarda da ƙasa da haka? In ya ba ɗalibina jika 50, me ya sa ya roƙi 40?

Daniel Bernoulli ne ya amsa, a wata maƙala da aka buga a birnin San Fitasbag a shekarar 1738. Ya kawo misalin matalaucin da ya tsinci takardar ƙuri'a wadda ko dai ta ba shi tsabar zinariya 20.000, ko kuma babu komai, damar biyun ɗaya. A lissafi kimarta 10.000 ce. Amma in ya sayar da ita 9.000 bai yi wauta ba, attajirin da ya saya ma bai yi wauta ba. Dalili kuwa, amfanin kuɗi ga mutum yana raguwa gwargwadon yawan abin da ya mallaka. Dubun farko da ke fitar da mutum daga yunwa ta fi dubu ta goma nauyi nesa. Magabatanmu sun taƙaita wannan da cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, sai dai Bernoulli ya ƙara da nuna cewa karin maganar ta fi gaskiya a bakin wanda ba shi da wata kazar.

Bayan hutu na tambayi yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Mushe, rumbunmu ya ƙare tun bazara. Jika 40 buhun hatsi ne har da canji. In na faɗi aka ba ni 20, ba ta kai ba." Bai taɓa jin sunan Bernoulli ba, amma ya sayar da damar jika 50 a kan 40 domin kada ya faɗa cikin kashi ɗaya bisa huɗun da zai bar gidansu da rabin buhu.

A nan ne kuma hatsarin rabo yake. Tunda mabuƙaci ya fi son tabbas, mai wadata yana iya matsa masa ya karɓi ƙasa da haƙƙinsa. A teburin karta an san gogaggun da ke karanta tsoro a fuskar baƙo su yanka masa kashin dankali. Yardar da yunwa ta sa aka yi ba kullum take zama adalci ba, shi ya sa sanin adadin Pascal yake da amfani ko da ba za a bi shi ba: mai sayarwa ya san abin da ya sayar.

Abin da ke rabuwa da abin da ba ya rabuwa

Ƙasar Hausa ba ta rasa nata hanyoyin rabo ba. A watanda, inda kowa ya zuba kuɗi iri ɗaya aka sayi sa, kashi-kashi ake kasa naman daidai wa daida a gaban idon kowa. A rabon ganima, yadda littattafan Malikiyya suka tsara, ana fitar da humusi, sannan mai doki ya sami kashi uku, dakare kashi ɗaya, kowa gwargwadon abin da ya kawo fage. Abin da ya haɗa su shi ne an san ƙa'idar tun kafin a yanka san, tun kafin a fita yaƙin.

Akwai kuma abin da ba a kasawa. Tun shekarar 1975 da aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, zamanin mulkin Seini Kunce, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin ƴan kokowa, takobi guda ake ajiyewa. A tsarin da aka saba, kowace jaha daga cikin takwas tana kawo mutum goma, wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, har a koma biyu. Babu ɗan Nijar da zai lamunci a ce waɗannan biyun sun shiga ɗaki sun daidaita wanda zai faɗi. Filayen kokowa na Damagaram da Maraɗi da Doso suna ɗauke da sunayen Langa-Langa da Kantu da Salma Ɗan Rani ne saboda jama'a ta yarda da kayen da suka yi da idonta. Ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Amma a dubi abin da ke biyo baya. Wanda ya ci takobi ba ya cin kuɗinsa shi kaɗai. Makaɗa da maroƙa suna da nasu, ƴan cali-cali suna da nasu, malaman da suka yi masa addu'a, abokan horonsa, dangi da maƙwabta, kowa yana miƙo hannu, kuma hana su abin kunya ne. Ke nan mu ma muna raba lada, illa dai muna raba ta bayan an gama, da ma'aunin zumunci, su kuwa ƴan karta suna raba ta kafin a gama, da ma'aunin lissafi. Kowace hanya da aibinta. Tasu tana iya lalata wasan, tamu kuma takan bar gwanin jiya ba shi da abin sayen magani ranar da ƙarfi ya ƙare.

Shin ko suna ma yana rabuwa? A ranar 1 ga Agusta 2021, a wasannin Olamfik na Tokiyo, Mutaz Barshim na Ƙatar da Gianmarco Tamberi na Italiya sun tsallake mita 2 da santimita 37, kowannensu kuma ya kasa tsallake mataki na gaba sau uku. Aka ba su zaɓin su ci gaba har a sami gwani, suka zaɓi su raba zinariyar. Duniya ta yaba, ba wanda ya kira shi maguɗi. Me ya bambanta wannan da abin da ya faru a Las Vegas a 1972? Ƙa'idar wasan ta tanadi wannan zaɓi a rubuce, an yi shi a tsakiyar fili a gaban alƙali da ƴan kallo, kuma ba a yi wa kowa wasan kwaikwayon faɗuwa ba.

Kammalawa

Ya rage in faɗi abin da muka yi a ranar hadarin, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Mun raba musu 40 da 40 a cikin ajin nan, ba shaida sai mu, muka rubuta wa na gaba takardar zakara, muka watse ba tare da sanar da kowa ba. Da aka dawo hutu sai maganganu suka tashi. Wasu suka ce alƙalai sun ci jika 20 ɗin da ta ragu daga ladar na ɗaya. Abokan ɗayan yaron kuwa suka riƙa yi masa gori wai ya sayar da makarantarsu. Yaran ba su yi laifin komai ba. Mu da muka shirya gasa ba mu tanadi ranar ruwa ba, muka kuma yi abin kirki a ɓoye kamar masu sata, mu ne da laifi.

Don haka shawarata ga ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyi ita ce, duk gasar da za mu shirya, ta waƙa ce, ta muhawara, ta wasan kwaikwayo ko ta kokowar samari, mu rubuta tun farko abin da za a yi idan aka katse ta ko aka yi kunnen doki. Mu bayyana ko an yarda ƴan takara su raba kuɗi, in an yarda kuma a yi a bainar jama'a, a faɗa wa kowannensu adadin da lissafi ya ba shi kafin ya amince da wani. Mu ware suna da takarda daga kuɗi, mu ce waɗannan sai an ƙarasa, ko da bayan wata uku ne. Kada kuma mu sa tazara mai faɗi tsakanin na ɗaya da na biyu, domin tarihin Las Vegas ya nuna cewa inda mutum ɗaya ke kwashe komai, nan ƙulle-ƙullen bayan fage ke tsira. Ɗalibanmu kuma, da cacar ƙwallo ta biyo su har cikin wayar salula, ya kamata su ji labarin 1654 a aji, domin wanda ya iya auna dama da kansa ya fi wuyar yaudara.

Harshenmu ya ba kalmar rabo ma'ana biyu: kason da mutane suka yanka wa mutum, da abin da Allah ya ƙaddara masa. Na biyun ba ya hannunmu, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na farkon kuwa aikinmu ne, kuma za a tambaye mu yadda muka yanka shi.